Darasi: Mu Duba Kafin Na'ura Ta Yi Magana Da Sunanmu

'Yan'uwa manoma, tun da ChatGPT ya fito a 2022, sakataren ƙungiyar gama kai yana iya sa na'ura ta tsara masa sanarwa kafin ya ɗora a intanet. Amma mu lura: tana harhaɗa magana ne daga rubuce-rubucen mutane, tsoho da sabo. Tana iya cewa Yauri tana Jihar Sakkwato, alhali kuwa tun 1991 muna Jihar Kebbi.

Wannan kuskure abin dariya ne. To, in ta ƙaga awon maganin ƙwari na albasa fa, ko farashin buhu a kasuwar Yelwa? Manomin Shanga ko Ngaski zai gaskata, gama sunanmu ne a kai. Hasarar tasa ce, kunyar tamu.

Saboda haka:

1. Mu ba ta abin da kwamiti ya amince da shi kaɗai.
2. Awon magani, mu bi takardar jikin kwalba da shawarar malamin gona.
3. Mutum biyu su karanta. Abin da ta ƙara da kanta, a goge.

Magana zarar bunu ce.

Tambaya domin taro: Wa ke duba sanarwar ƙungiyarku?