INA RUWAN SAMA KE TAFIYA? DARASI GA HAKIMAI DA MALAMANSU

Hakimai, da ku malamai masu riƙe da littattafan gunduma, wannan darasi a kan ruwan damina ne, da yadda masana ke lissafinsa su zana hanyoyinsa a taswira. Mun ɗauki misali da ƙasar Zakirai, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Gabasawa, domin tana cikin yankin nan na kewayen Kano inda gona ke haɗe da gona, ba sauran daji. A irin wannan ƙasa duk ruwan da ya bar gonar wani, gonar wani ko gidan wani zai shiga. Sabo da haka maganar ruwa takan ƙare a zauren hakimi.

1. RABON RUWAN SAMA

In ruwa ya sauka, gida uku ya kan rabu. Wani ƙasa ta shanye, shi ke ciyar da shuka da rijiyoyi. Wani rana da iska da ganyayen itatuwa su mai da shi sama, kuma a ƙasarmu wannan ya fi yawa. Saura kuwa ya malala a bisa ƙasa, ya bi kwari ya faɗa ƙorama, ƙorama ta kai shi kogi. Wannan na uku shi a ke kira malale.

Yawan malale ya danganta ga abu huɗu: ƙarfin ruwan, da irin ƙasar, da gangarenta, da abin da ya rufe ta. Jigawa tana shan ruwa da sauri, laka da fako ba su sha sai kaɗan. Yayyafin yini guda ba ya kawo malale kamar ruwan sa'a ɗaya mai ƙarfi. Haka kuma ruwan da ƙasa za ta shanye sarai a watan Yuni, in ya sauka a Agusta, sa'ad da ta riga ta ƙoshi, sai ya gudu.

Ga lissafi mai sauƙi. Milimita 1 ta ruwan sama a kan eka ɗaya wajen lita 4,000 ce, watau duro 20 mai cin lita 200. In an yi ruwa milimita 40 a dare ɗaya, ko wace eka ta sami duro 800. A ce ɗaya bisa goma ne kaɗai ya gudu, duro 80 ke nan. To, ƙauyen da ke da eka 1,000 ya aika wa na gangarensa duro 80,000 kafin gari ya waye.

2. ƘASAR DA KOGI KE SHA

Ko wane kogi yana da ƙasar da ya ke sha, iyakarta kuwa doron tudu ne, ba ruwanta da iyakar gunduma. Kogin Kano da Kogin Challawa suna haɗuwa kudu da birnin Kano, su wuce Wudil, su zama Kogin Haɗeja. Shi kuma ya bazu cikin fadamun Haɗeja da Nguru, ya gamu da ruwan Kogin Jama'are, abin da ya rage ya bi Kogin Yobe zuwa Tafkin Cadi. Jakara kuwa daga cikin birni ta fito ta nufi arewa maso gabas, aka tare ta da madatsa a Wasai cikin 1976.

Akwai wani abu da ya kamata a lura da shi. Yamma da kudu da Kano dutse ne a ƙarƙashin ƙasa, sabo da haka koguna suna ƙaruwa in suna tafiya. Gabas da arewa maso gabas kuwa yashi ne da laka masu zurfi, nan kogi raguwa ya ke yi, ƙasa tana tsotse shi. Ruwan nan bai ɓata ba, shi masu rijiya da masu lambu ke jawowa da rani.

An gama madatsar Tiga cikin 1974, ta Challawa kuma cikin 1992. Sun ba birni ruwan sha, sun ba manoman Kadawa noman rani, amma sun rage malalen da ke cika fadamun Haɗeja, kuma ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa da yawa a can. Cikin Agusta 1988 madatsar Bagauda ta fashe bayan ruwa mai yawa, aka yi hasarar rayuka da gidaje. Wanda ya taɓa kogi a sama, na ƙasa ya taɓa.

3. AWON ƘORAMA

Ma'aikata su kan kafa sanda mai lambobi a bakin kogi, a riƙa karanta tsayin ruwa kullum. Amma ko malamin gunduma yana iya gwada ƙorama da igiya da agogo. A auna faɗinta, a ce mita 4, da zurfinta, a ce rabin mita. A jefa kara, a ga ya tafi mita 10 cikin daƙiƙa 20, watau rabin mita a daƙiƙa. Huɗu sau rabi, biyu. Biyu sau rabi, ɗaya. Wannan ɗaya lita 1,000 ce, duro 5 a ko wace daƙiƙa. Da ya ke ruwan sama-sama ya fi na ƙasa sauri, sai a rage ɗaya bisa biyar, a rubuta duro 4. Kada kowa ya shiga ƙorama mai ƙarfi don awo. A kan gada a ke tsayawa.

4. YADDA KWAMFUTA KE ZANA TASWIRA

Ba shi yiwuwa a kafa sanda a ko wace ƙorama, shi ya sa masana suka nemi hanyar lissafi. Cikin 1851 wani injiniya na ƙasar Ayalan, Thomas Mulvaney, ya nuna yadda za a ƙiyasta cikar ƙorama daga faɗin ƙasar da ta ke sha da ƙarfin ruwan sama. Cikin 1966 Crawford da Linsley na Jami'ar Stanford a Amurka suka fito da tsarin da kwamfuta ke bi ta yi lissafin kogi sa'a bayan sa'a. Cikin Fabrairu 2000 kumbon Endeavour ya auna tudu da kwarin mafi yawan doron duniya cikin kwana 11, Zakirai na ciki.

Kun san labarin malaman taki, waɗanda suka bi gonakin Kano da ƙafa a zamanin En'e suna awo don haraji. Aikin kwamfuta ya yi kama da nasu. Ta kan raba ƙasa gida-gida, ko wane gida wajen mita 30 ta ko wane gefe, ta rubuta tsayinsa. Sa'an nan ta tura ruwan ko wane gida zuwa maƙwabcinsa mafi gangare. Inda ruwan gidaje da yawa ya taru, nan ƙorama ke bayyana a taswira. Bayan haka a gaya mata irin ƙasar da abin da ke kanta, a ba ta ruwan saman ko wace rana, ta yi wa ko wane gida lissafi irin na baitulmali: abin da ya shigo, da abin da ya fita, da abin da ya saura. Daga ƙarshe a gwada amsarta da abin da sandar awo ta nuna a wuri kamar Wudil. In sun saɓa, a gyara lissafin har ya yi daidai da kogin.

Da irin wannan aiki Hukumar NIHSA, wadda aka kafa cikin 2010, ta ke fito da hasashen ambaliya ko wace shekara tun 2013, bayan babbar ambaliyar 2012.

5. INDA TASWIRA KE KUSKURE

Ƙasar Zakirai shimfiɗaɗɗiya ce. Awon da aka yi daga sama yana iya kuskuren 'yan mitoci, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kuwa mita ɗaya ta isa ta juya ruwa daga wannan ƙauye zuwa wancan. Kwamfuta ba ta san kwalbatin da ya toshe ba, ko kududdufin da aka cike aka yi gini, ko inda gindin titi da na hanyar jirgi ke tare malale. Dagaci da mai unguwa sun sani. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

6. ABIN DA YA KAMATA KU YI

(a) Malami ya buɗe littafin ruwa. Duk ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi ya rubuta kwanan wata, da lokacin da ya soma da lokacin da ya ɗauke.

(b) In ruwa ya shiga gari, a sa alama a jikin masallaci ko makaranta inda ya tsaya, a rubuta shekarar, da kwana nawa ya yi bai janye ba.

(c) A tambayi dattawan Zakirai da Garun Danga da Joda da Zugachi hanyoyin da ruwa ya bi a shekarun da suka wuce, a rubuta tun suna da rai.

(d) Kada hakimi ya sa hannu a kan fili cikin hanyar ruwa ko bisa kududdufi, ko da an shekara goma ruwa bai bi ta nan ba. Bayan farin 1973 da na 1984 mutane da yawa sun gina a kwari, da ruwa ya dawo hanyarsa ya nema.

(e) A hori manoma su yi kunya a gicciye da gangare, su bar gamba ko jema a iyakar gona, kuma a yashe kwalbati tun kafin ruwan fari.

TAMBAYOYI

1. Ina ruwan garinku ke fita, kuma wane gari ke karɓarsa?
2. In an yi ruwa milimita 25 a kan eka 200, duro nawa ya sauka?
3. Don me kogi ke raguwa gabas da Wudil?

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga fari da ambaliya, amin.