Sunan Adamu a Ƙasar Jega: Asali, Ma'ana da Yaɗuwa

Adamu yana cikin sunayen yanka da aka fi ji a Jega, Aliero da Maiyama, kuma masu raɗa shi suna yi ne domin Annabi Adamu, wanda Alƙur'ani ya ambace shi sau 25. Sai dai asalin kalmar Ibrananci ne: "adam" tana nufin mutum, tana kuma da alaƙa da "adama", wato ƙasa. Malaman Larabci sun yi saɓani a kanta. Wasu sun ce ba'ajamiya ce, wasu suka danganta ta da "adimul ardi", fuskar ƙasa. Ra'ayin farko ya fi ƙarfi.

Abin lura shi ne yadda Hausa ta sarrafa sunan. Ta ƙara masa wasalin "u" ya zama na namiji, ta bar Adama ga mace, alhali ga Fulani Adama namiji ne, kamar Modibbo Adama wanda Adamawa ta samo sunanta daga gare shi. Mai nazarin da bai kiyaye wannan ba yana iya mayar da namiji mace a cikin tsofaffin takardu. Hausa ta kuma gutsure sunan ya koma Ado, irin na Sarkin Kano Ado Bayero (1963–2014). Ma'anar asali kuwa ba ta ɓace ba, tana nan cikin "ɗan Adam" da "bil'adama".

A yankin, fitaccen mai sunan shi ne Muhammadu Adamu Aliero, gwamnan Jihar Kebbi daga 1999 zuwa 2007.