Ɗana, Kafin Ka Sa Wa Motarka Hon

Labari ya iso ni cewa 'yar tirelar nan da ka ɓata hutun makaranta kana haɗawa ta tashi, tana gaba tana baya, sitiyari yana bin umarnin rimot, yanzu kuma ka ƙwallafa rai sai ka sa mata hon. Na ji daɗi ƙwarai. Yaron da zai zauna ya ɗaure ɗaruruwan ƙananan kusoshi bai gundura ba, akwai alheri a hannunsa. Shi ya sa nake so ka ba ni aron kunnenka kafin ka yanke waya ko ɗaya.

Abin da ke gabanka ya wuce kayan wasan yara. Kamfanin Tamiya na birnin Shizuoka a Japan ya fitar da irin waɗannan manyan motoci na rimot tun 1993, lokacin da ya fito da King Hauler, kuma kowane sashe nasu kashi ɗaya ne cikin 14 na motar gaske, har da giya uku da ake canzawa daga nesa. Mu da muka tashi a Kano, motarmu ta kara ce. A fere ɓawon kara, a soka shi cikin totuwa, a yanko tayoyi daga tsohon silifa, hon kuwa a bakin mai mota yake. Zamani ya ba ka kayan da ba mu samu ba, amma haƙurin da aikin ke nema bai canza ba.

Ka fara sanin hanyar da saƙo ke bi. Rimot ɗin da ke hannunka yana magana da wata 'yar na'ura mai karɓar saƙo da ke cikin motar, kuma ita tana da layuka. Yawanci layi na ɗaya na sitiyari ne, na biyu na totur, na uku na giya. Hon yana buƙatar layin da ba kowa a kansa, don haka ka duba ko kana da na huɗu. Duk abin da za ka cusa a layin nan wayoyi uku gare shi: ja ita ce ta wuta, baƙa ko ruwan ƙasa ita ce ta komawa, fara ko ruwan lemo kuma ita ke ɗauke da umarni. Ka kuma riƙe wannan da kyau: batirin motar yakan ba da bolt 7.2, amma na'urar karɓar saƙo da abin da ke jikinta sukan yi aiki ne da bolt 5 zuwa 6. Wanda ya jona abu mai bolt 5 kai tsaye a jikin batir, hayaƙi zai gani. Ka karanta takardar da ta zo da kayan tun daga farko har ƙarshe, ka auna da mita, inda ka shige duhu ka nemi wanda ya riga ka. Matambayi ba ya ɓata.

Hanya biyu ce a gabanka. Ta farko mai sauƙin kuɗi ce: ka samo ɗan makunnin lantarki da ake cusawa a layin da ya rage, ka haɗa masa 'yar na'ura mai tsuwa, ka danna ta yi ƙara, ka saki ta yi shiru. Muryarta siririya ce, ba ta yi kama da ta babbar mota ba, amma za ta koya maka aikin tun daga tushe. Ta biyu ita ce na'urar sauti mai sifika, irin MFC-01 ta Tamiya, wadda ke fitar da rugugin inji da tsakin birkin iska da hon, tana kunna fitilu, har girgiza motar take yi kamar an tayar da inji. Tsadarta ba kaɗan ba ce. Kada ka ɗora wa mahaifinka ita alhali ka san hayar gida da kuɗin wuta da na ɗumama ɗaki suna wuyansa. Ka fara da mai arahar, ka riƙa tara abin da ka samu. Abin da ka saya da tarinka, kai ma ka san ba za ka yi masa riƙon sakainar kashi ba.

Ran da ka kai ga sifika, ga wani sirri da sababbin hannu kan tsallake. Ka jona ta tana tsirara a kan tebur, ka danna hon, za ka ji wata 'yar murya kamar ana shaƙe ta. Sai ka ɗauko murfin robar da ya yi daidai da bayanta, ka kifa, ka toshe gefen da yatsunka, ka sake dannawa. Nan take muryar za ta yi kauri. Dalili kuwa, fatar sifika tana tura iska ta gaba tana janyo ta ta baya a lokaci guda, idan ba shamaki a tsakani sai iskar biyu su kashe juna, kaurin sautin ya ɓace. Saboda haka ka yi mata ɗan akwati mai rufaffen baya, ka liƙe duk wata kafa, ka ajiye shi cikin kan motar fuskarsa na kallon inda sauti zai sami mafita. Ka duba kuma ko na'urarka mai neman sifika ta om 4 ce ko ta om 8, ka ba ta abin da ta nema.

Wajen gwaji, ka ɗora motar kan wani abu tayoyinta na reto, don kada ta zabura ta faɗo daga tebur. Rimot ake fara kunnawa sannan mota, wajen kashewa kuma mota ce farko. Duk mahaɗar waya ka liƙe ta da darma ka rufe ta, kada ka murɗe da hannu ka bar ta a buɗe. Ƙarfen darma kuwa ka nisanta shi daga ƙannenka. In batirinka irin na LiPo ne, kada ka taɓa barin sa yana caji ka tafi barci ko ka bar gidan, domin yana iya kamawa da wuta.

Ina so kuma ka san motocin gaske da idonka. Garin Leyland na yankin Lankasha ba nisa gare shi daga nan Mancesta ba. Tun 1896 ake ƙera manyan motoci a can, har yau ana haɗa Daf a garin, irin wadda direbobinmu suka sani a hanyar Kano zuwa Legas, kuma akwai gidan adana tsofaffin manyan motoci. Ka roƙi mahaifinka ya kai ka wata Asabar. A kan titi ma ka kasa kunne, za ka ji hon mai iska yawanci ƙaho biyu ne masu murya daban suna tashi tare, shi ya sa yake cika kunne.

To, ga abin da ya fi duk waɗannan damuna. Hon bakin mota ne, kuma duk wanda aka ba baki an ba shi amana. A tashoshin gida, direba da hon yake gaisuwa, da shi yake kiran fasinja, da shi yake sallama. Nan ƙasar ba haka suka ɗauke shi ba. Ƙa'ida ta 112 cikin dokokin hanya na Birtaniya ta keɓe hon ga faɗakar da mutane cewa ga mota nan tafe. Ta hana danna shi idan mota na tsaye a titi, ta kuma hana a cikin unguwa daga ƙarfe 11:30 na dare zuwa 7:00 na safe, sai fa in akwai haɗari. Ba don motar rimot aka rubuta wannan ba, amma hikimar da ke cikinta ta shafe ka.

Dubi gidajen unguwarku ta Withington, yawancinsu bango ɗaya ne tsakaninka da maƙwabci. Asibitin Christie yana nan kan titin Wilmslow, inda masu fama da ciwon daji ke zuwa neman magani daga wurare masu nisa. A unguwa irin wannan ba za a rasa ma'aikaciyar jinya da ta kwana tsaye ta dawo tana neman barci da hantsi ba, ko marar lafiyar da ƙaramin motsi ke tayar masa da hankali, ko ɗalibin da jarrabawa ke gabansa. Ba lallai ne su buga maka ƙofa ba, sau da yawa haƙuri za su yi su yi shiru, amma shirun nasu bai sauke maka haƙƙinsu ba. Addininmu ya girmama maƙwabci, Musulmi ne ko ba Musulmi ba, kuma da irin halinka ne za su auna gidanku da mutanenmu baki ɗaya.

Don haka tun wajen haɗawa ka sa wa hon ɗin maragin murya, ko makunnin da zai kashe sifika gaba ɗaya. A cikin gida ka rage shi. In kana son jin cikakkiyar muryarsa, ka ɗauki motar zuwa filin shaƙatawa na Old Moat ko na Fog Lane da rana, ka nemi gefen da ba cunkoso. Kada ka lallaɓo da ita bayan tsoho ko mai tura jariri ko mai jan kare ka danna don abokai su yi dariya. Yaron da ya tsaya yana kallo da sha'awa kuwa, ka miƙa masa rimot ya taɓa, ka nuna masa yadda abin ke aiki. Ƙanwarka ma ka ba ta sukundireba ta ɗaure kusa, wa ya san ko ita ce injiniyar gidan?

Lokacin salla ya yi, ka ajiye. Aikin makaranta na jira, ka ajiye. Motar ba za ta gudu ba. Idan ka gama, ka kawo ta in gani, ka kuma zo da takardar da ka zana hanyar wayoyinka, domin ita zan fara dubawa. Allah Ya sa albarka a hannunka, Ya sa abin da ka koya a nan ya amfane ka ya amfani jama'a. Ka gaishe mini da mahaifanka.