Amsar Tambaya: Gajiyar da Kwanciya Ba Ta Kawarwa

Wani manomi daga Adabka, ƙasar Bukkuyum, ya aiko yana tambayar dalilin da gajiya ba ta rabuwa da shi, alhali kuwa yana kwanciya kowane dare.

Malam, Allah ya ƙara afuwa. Lalle wanda ya wuni a gona, da dare kuma ya kwanta kunnensa na waje, yana sauraron ƙarar babur ko haushin kare saboda fargabar 'yan bindiga, to, idonsa ne kaɗai ya rufe, zuciyarsa na tsaye tana gadi. Ga shi kuwa likitoci sun ce baligi na bukatar barcin sa'a 7 ko fiye. Ka rage goro da shayi bayan la'asar, ka lizimci ƙailula, wadda sunna ce, kai da maƙwabtanka kuma ku riƙa karɓa-karɓa wajen gadin dare. Abin da ke cin ranka, ka faɗa wa amininka, domin tawakkali bai hana neman magani ba.

Sai dai ban yarda a ɗora wa tunani laifin duka ba. Zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini suna kawo kasala, haka nan gubar dalma, wadda a 2010 ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙasashen Anka da Bukkuyum, sakamakon niƙan dutsen zinariya cikin gidaje. In kana taɓa wannan sana'a, ko gajiyar ta haura wata guda, wajibi ne ka je asibitin Gummi ko na Anka a auna jininka, ka kuma gaya musu aikin da kake yi.