Darasin Wannan Wata: Gina Gidan Iyali a Kan Tudu

'Yan'uwa manoma, kaka ta yi, kuɗin dankali da na masara sun shigo hannu, mun kuwa sani da yawa a cikinku suna shirin gini da rani. Abin da muke yawan gani a ƙauyukan kan dutse, wajen Pankshin da Bokkos, shi ne mutum ya je Jos ya ga gida mai kyau, ya komo ya ce wa magini, "Irin wannan nake so." Bayan damina uku sai bango ya tsage, ƙofa ta ƙi rufuwa. Sau da yawa laifin ba na siminti ba ne. Tun farko ba a lura da hanyar ruwa ba.

Saboda haka kafin ku sayi bulo ko ɗaya, ku je filin ran da aka yi ruwa mai ƙarfi, ku tsaya ku ga ta inda yake gangarowa. Wanda bai yi haka bana ba, ya tambayi tsofaffin unguwa.

In za a daidaita fili a gangare, akan sare ƙasa daga sama a zuba a ƙasa. Ku lura da wannan ƙwarai: harsashin gini ya zauna a kan ƙasar da aka sare, watau mai tauri. Ƙasar ciko takan yi ta zama har shekaru, bango kuwa ya bi ta. Ku bar gefen ciko ya zama tsakar gida ko lambun uwargida, a tokare shi da jeren duwatsu.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Kakannin Ngas sun yi ta jera duwatsu a gonakinsu na gangare. A Sukur kuma, cikin duwatsun Mandara a Jihar Adamawa, irin wannan aiki na cikin dalilan da suka sa hukumar UNESCO ta shigar da garin cikin wuraren tarihi na duniya a 1999. Jeren dutse marar siminti yakan tare ƙasa ya bar ruwa ya tsiyaye. In kuwa kun ga dole ku sa siminti, sai ku bar ramuka a gindin bangon, in ba haka ba ruwa ya taru a baya ya ture shi. Kāna a haƙa lambatu ta saman gida domin ya raba ruwan dutse ya bi gefe da gefe. Daɓe ya ɗara ƙasar waje da kamar ƙafa ɗaya da rabi.

Hadari daga gabas yake tasowa, hunturu kuma daga arewa maso gabas. To, ƙofa ta dubi yamma ko kudu, tagogin gabas su zama ƙanana. Bakin kwano ya zarce bango da ƙafa 2 ko fiye, a kuma ɗaure katakon rufi da waya mai ƙarfi cikin bango, gama iskar kan tudu ba ta jin ƙusa kaɗai. Kwano ba ya riƙe ɗumi kamar jinka, don haka a sa silin, ko da na tabarma ne. Kada sanyi ya sa a kwana da garwashi a ɗaki rufe. Iskarsa ba ta da wari, amma tana kisa.

Yanzu bari mu yi ɗan lissafi. A wajen Jos akan sami ruwan sama kamar milimita 1,400 a shekara. Rufi mai tsawon mita 10 da faɗin mita 6 yakan karɓi lita 84,000, wajen duro 420 ke nan. Mata da yara suna hawa dutse da tulu a ka, ruwan nan kuwa yana zuba yana cin harsashin gida! Indararo da tanki sun fi fenti amfani, sai a fara da su. Ruwan farko na wanke kwano ne, a bar shi ya zube.

Masai da turken dabbobi su kasance ƙasa da rijiya, masai kuma ya yi nisan mita 30 ko fiye da ita.

A taronku na gaba, duk mai niyyar gini bana ya zana filinsa a ƙasa, ya nuna wa sauran 'yan ƙungiya inda ruwa yake shiga da inda zai fita. Daga nan sai a sa ranar gayyar ɗaukar duwatsu.