Darasin Kimiyya: Yadda Saiwar Dawa Ke Kare Kanta Daga Gubar Alminiyam

Ɗalibai, yau za mu leƙa ƙarƙashin ƙasa, inda saiwa take. Alminiyam, ƙarfen nan da ake ƙera tukwane da shi, ya fi kowane ƙarfe yawa a ɓawon duniya, kusan kashi 8 cikin 100 na nauyinsa. Yana cikin ƙasar kowace gona, amma a ɗaure yake cikin laka da duwatsu, ba ya cutar da komai. Matsala tana farawa ne idan ƙasa ta yi tsami. Ma'aunin tsami shi ake kira pH. Da zarar ya sauka ƙasa da 5.5, alminiyam ya fara narkewa cikin ruwan ƙasa, ya zama guba ga shuka.

Gubar tana kama tsinin saiwa ne, wurin da take tsiro. Cikin 'yan sa'o'i saiwa ta daina tsawo. Ku tumɓuke irin wannan shuka ku duba: saiwoyin gajeru ne, masu kauri, sun yi launin ƙasa-ƙasa, ba su da 'yan siraran gashin nan masu shan ruwa. Saiwar da ba ta nutsa ba kuwa ba ta kai ga danshi, ba ta tsotsar taki. Shi ya sa ruwa yana ɗan ɗaukewa sai gonar ta yi yaushi, manomi ya ɗora laifin a kan fari.

To, yaya wasu shuke-shuke ke tsira? Suna fitar da asid irin na tsirrai ta tsinin saiwa. Ku lura da kyau a nan, domin asid ɗin ba ƙara tsamin ƙasa yake yi ba. Yakan kama alminiyam ya riƙe shi gam, kamar yadda ake dabaibaye akuya kada ta shiga gona, don haka gubar ba ta iya shiga saiwa. Alkama tana fitar da asid ɗin da ake kira malet. Dawa tana fitar da sitiret, sinadarin da ke cikin lemun tsami, wanda ya fi malet ƙarfin riƙo nesa ba kusa ba. Abin da ya fi burge ni shi ne shukar ba ta ɓarnar wannan asid: ƙofar fitarsa tana buɗewa ne idan alminiyam ya taɓa saiwa. A 2004 aka gano ƙwayar halittar da ke yin wannan aiki a alkama, a 2007 kuma masu bincike na Burazil da Amurka suka gano ta dawa, mai suna SbMATE. Da ita ake zaɓen irin da zai jure ƙasa mai tsami.

Ƙasar ma tana da nata asid ɗin. Idan kashin dabbobi, kara da ganye suka ruɓe, suna sakin sinadaran da ke ɗaure alminiyam. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin ƙasar jigawa mai yashi, irin ta yammacin Nijar, tana da ƙarancin ruɓaɓɓen taki, kuma tana saurin yin tsami. Takin zamani irin su yuriya, idan aka yi ta zuba shi shekara da shekaru shi kaɗai, yana ƙara tsamin. Manomin da ke kai takin gida gona, ko ya bar kara ya ruɓe, ko ya gayyaci Fulani shanunsu su kwana a gonarsa, yana rage ƙarfin gubar. Toka da farar ƙasa kuma suna rage tsamin kansa.

Aikin gida: ku tono dawa biyu, ɗaya daga inda aka zuba taki, ɗaya daga jigawar da ta gaji, ku wanke saiwoyin, ku auna tsawonsu, ku kawo mako mai zuwa.