Darasi: Mai Kwando da Mai Tirela a Cinikin Naman Kaza

Darasin wannan mako a kan hajar da ba tamu ba ce, amma lissafinta namu ne. Naman kaza nake nufi, ɗan'uwan laimar kwaɗin da ke fitowa a juji da damina. Amma fa na juji kada a ci, akwai mai dafi. Wanda ake magana nomansa ake yi a ɗaki.

Ku sani a Amurka akwai jihar Fensilbaniya, ita ke fitar da fiye da rabin naman kazan ƙasar. Cibiyarsa wani ɗan gari, Kennett Square, kusa da Filadelfiya. Wajen shekarar 1885 wani mai noman furanni, William Swayne, ya fara shuka shi a ƙarƙashin bencinan furanninsa don kada wurin ya zauna banza. Yau kamfanonin wajen suna da dogayen ɗakuna masu sanyi, suna haɗa takin doki da na kaza da ciyawar alkama, suna tsinka kullum, rani da damina, tirela na jira a ƙofa. Farin nan mai kamar maɓalli suka fi yi.

To, ƙaramin manomi ya kawo farin nan kasuwa, ya mutu. Kamfani zai karya farashin laba har ƙasa da abin da shi ya kashe. Mai mudu ba ya ja da mai sito a kan hatsi iri ɗaya, wannan kowa ya sani.

Sai suka bar wa kamfani farinsa, suka koma irin da ke ba tirela wahala. Akwai wanda ake kira kawa, mai faɗin kunne. A kan ciyawar da aka turara da ruwan zafi ake shuka shi cikin leda, mako uku zuwa huɗu ya fito. Ga saurin kuɗi. Aibinsa taushi: a danne shi ya farfashe, ya yi mako guda ya yanƙwane. Ku lura da kyau, wannan aibin shi ne garkuwar ƙaramin manomi. Na kamfani sai ya kwana a sito, ya kwana a hanya, ya kwana a kanti. Shi kuwa ya tsinka da asuba, kafin azahar yana hannun kukun gidan abinci. Tazarar kwanakin nan ita yake sayarwa.

Na biyu shitake, mutanen Japan da Sin suka daɗe da nomansa. Masu ɗan daji suna yanko gungumen itace, su huda, su cusa iri, su toshe da kakin zuma, su jingine a inuwa. Wata shida ko shekara ba ko kwabo. Mai gaggawa ba zai iya ba. Bayan nan a jiƙa gungumen a ruwan sanyi kwana ɗaya, cikin kamar kwana goma ya tsiro, a bar shi ya huta wata biyu a sake. Gungume ɗaya yana yin shekara uku ko fiye. Dabarar jiƙon ita ta burge ni: manomi shi ke zaɓen ranar da kayansa za su fito, sai ya daidaita da ranar kasuwa. Da gero yana jin magana haka!

Dillalai ku yi haƙuri da wannan: yawancinsu ba su bi ta hannunku. Suna kasa kaya da kansu a kasuwar manoma, la'adar ta zauna a aljihunsu. Wasu kuma masu saye ke ba su kuɗi tun farkon shekara, kamar kafin alƙalami, su riƙa karɓar kwando duk mako.

Kwantai fa? Shanya shi suke. Naman kaza kusan duk ruwa ne, laba goma ɗanye ba ta wuce laba ɗaya in ta bushe, don haka mai saka farashin busasshe sai ya ninka goma tukuna kafin ya yi zancen riba. Wanda ya manta wannan ya sayar da asara yana murna. Ragowar ciyawar ma ba a zubarwa, masu lambu na saye don taki.

Sai dai kamfanoni ba barci suke ba. Da suka ga kuɗi a kawa da shitake, su ma sun shiga, suna yin shitake a kan curin garin katako, wanda ya fi gungume saurin fitowa nesa. Saboda haka mai gungume yanzu dole ya buɗe baki ya gaya wa mai saye cewa nasa na itace ne, ya fi tauri da ƙanshi, ya kuma ba shi ɗanɗano kafin a yi ciniki.